Sir Francis Galton (1822-1911): Mutumin Da Ya Nemi Ƙabila A Zanen Yatsa

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibi a cikinmu wanda bai taɓa ɗora yatsansa a kan ɗan gilashin nan mai haske ba, ko dai a banki wajen rajistar BVN, ko a ofishin katin ɗan ƙasa, ko a ƙofar ɗakin jarrabawar JAMB, ko kuma a rumfar zaɓe. Cikin ƙiftawar ido na'ura za ta amince cewa kai ne, ko kuma ta ƙi ka, a ce ka goge hannu ka sake. Abin da na'urar take dubawa a jikin yatsan, da kuma dalilin da ya sa hukuma ta fi yarda da shaidarsa a kan rantsuwar mai shi, duka suna komawa ne ga aikin wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Francis Galton.

A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin kawo tarihin rayuwarsa a taƙaice, da yadda ya shiga binciken zanen yatsa, da kuma hanyar awo da lissafin da ya shimfiɗa wadda kwamfuta ke bi a yau. Dalilai biyu ne suka sa na zaɓe shi. Na farko, daga cikin yatsun da ya yi nazari a kansu akwai na mutanen wannan ƙasa tamu, tun kafin a raɗa mata suna Nijeriya. Na biyu, abin da ya tafi nema a cikin yatsun daban, abin da ya samo kuma daban, sannan yadda ya yi da abin da ya samo ɗin darasi ne ga duk mai son zama manazarci.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Francis Galton ranar 16 ga watan Fabrairu, 1822, a kusa da birnin Birmingham na ƙasar Ingila, kuma shi ne auta a gidansu. Mahaifinsa, Samuel Tertius Galton, mai banki ne. Amma asalin dukiyar gidan daga ƙirar bindigogi ta fito, domin kakanninsa sun daɗe suna ƙera bindiga suna sayar wa gwamnatin Ingila da kuma fataken bayi masu zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Mahaifiyarsa kuwa, Violetta, 'yar wani shahararren likita ce mai suna Erasmus Darwin. Ita da mahaifin Charles Darwin 'yan uba ne, wato ke nan a tsarin zumuncin Bahaushe Galton da Charles Darwin taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji.

Yayarsa Adele ce ta fara koya masa karatu a gida, kuma kafin ya cika shekara uku ya iya haɗa baƙi. Iyayensa sun so ya zama likita, don haka yana ɗan shekara 16 aka kai shi babban asibitin Birmingham domin koyon aiki, daga nan ya wuce King's College da ke Landan. Tun a lokacin halinsa na son gwada komai da kansa ya bayyana. Ya ƙuduri aniyar ɗanɗana magungunan asibitin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin abacada don ya ji yadda kowanne ke aiki a jiki, bai daina ba sai da ya iso kan wani mai na wankin ciki wanda ya galabaitar da shi, tun bai wuce harafi na uku ba.

A shekarar 1840 ya shiga Jami'ar Kambirij domin karatun lissafi. Karatun ya yi masa nauyi har ya kwanta rashin lafiya, ya fita da digiri maras daraja ta musamman. A 1844 mahaifinsa ya rasu ya bar masa dukiyar da ta ishe shi har ƙarshen rayuwarsa. Nan take ya ajiye karatun likita, kuma tun daga ranar bai taɓa yi wa kowa aikin albashi ba. Duk binciken da za mu gani a gaba da kuɗin aljihunsa ya yi shi.

Tafiye-Tafiyensa A Afirka

Tsakanin 1845 da 1846 ya ziyarci Masar, ya bi Kogin Nilu har Khartum a ƙasar Sudan. A 1850 kuma ya shirya babbar tafiya zuwa kudu maso yammacin Afirka, ƙasar da ake kira Namibiya a yau, tare da wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Charles Andersson. Sun ratsa ƙasar Herero har suka kai ƙasar Ovambo, yana tafe yana awon nisa da tudu yana zana taswira. Ya koma gida a 1852, a shekarar da ta biyo baya ya wallafa labarin tafiyar, Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Ingila ta ba shi lambar zinariya. A wannan shekara ta 1853 ce kuma ya auri Louisa Butler, wadda suka zauna tare har rasuwarta a 1897, Allah bai ba su haihuwa ba.

Wannan tafiya ta sa ya yi suna, amma kuma ita ce ta fara bayyana raininsa ga baƙar fata. A cikin littafin ya yi iƙirarin cewa a aikace Herero ba sa amfani da lambar da ta wuce uku, har ya kwatanta wani mai sayar masa da tumaki da karyarsa, ya fifita karyar. Alhali harshen Herero, kamar sauran harsunan Bantu, yana da kalmomin ƙidaya har goma da abin da ya fi haka. Mu ɗaliban harshe mun san irin ɓarnar da ke faruwa idan baƙo ya yanke wa mutane hukunci a kan harshen da shi kansa bai ƙware a cikinsa ba.

Ra'ayinsa A Kan Gado

Bayan ya zauna a Landan, sai ya duƙufa ga awo da ƙidaya, ta yadda duk abin da ya gani sai ya nemi hanyar mayar da shi lamba. Shi ne ya shirya taswirar yanayi ta farko da aka buga a jarida, wadda ta fito a The Times a 1875. Sai dai abin da ya juya akalar rayuwarsa shi ne littafin da taubashinsa Darwin ya fitar a 1859 a kan asalin halittu. Daga nan tunanin gado ya kama shi bai sake shi ba.

A 1869 ya wallafa littafi mai suna Hereditary Genius, inda ya bi salsalar alƙalai da malamai da shugabannin Ingila, ya ga cewa yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, sai ya yanke cewa hazaƙa a jini take. Bahaushe ma yakan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma Galton bai ba da isasshen muhimmanci ga cewa ɗan alƙali yana gadon makaranta da dukiya da sanayya tare da jinin ba, kamar yadda shi kansa ya gada. A cikin littafin ya jera al'ummomin duniya daraja-daraja, ya ajiye mutanen Afirka mataki biyu ƙasa da Ingilishi. A 1873 ya rubuta wa The Times wasiƙa yana ba da shawarar a kawo mutanen Sin su zauna a gabashin Afirka domin su maye gurbin masu ƙasar. A 1883 kuma ya ƙirƙiri kalmar yujeniks daga harshen Girkanci, mai ma'anar kyakkyawar haihuwa, wato ra'ayin a tace irin ɗan Adam kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimi.

Neman hujjar wannan ra'ayi ne ya sa a 1884 ya buɗe ɗakin awon mutane a wani baje kolin lafiya a Landan. Mutum 9,337 ne suka shiga, kowanne ya biya taro, aka auna tsayinsa da nauyinsa da ƙarfin damtsensa da ganinsa da jinsa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin da wannan niyya ce Galton ya iso ga zanen yatsa.

Yadda Ya Shiga Binciken Zanen Yatsa

A wancan zamani 'yan sandan Turai suna fama da masu laifin da kan sauya suna duk lokacin da aka kama su, ta yadda tsohon ɓarawo zai sami hukuncin sabon shiga. Wani ma'aikacin 'yan sandan birnin Faris mai suna Alphonse Bertillon ya fito da dabarar auna sassan jiki guda 11, kamar tsawon kai da faɗinsa da tsawon ƙafa da na yatsan tsakiya. Da aka gayyaci Galton ya yi lacca a kan gane mutane a 1888, sai ya lura da wani rauni a dabarar, wato mutum dogo yawanci hannunsa da ƙafarsa ma dogaye ne, saboda haka awo 11 ɗin ba shaidu 11 ba ne masu zaman kansu. Wannan tunani ne ya kai shi ga lissafin dangantakar abubuwa biyu, wanda har yau ɗaliban ƙididdiga ke karantawa. Shi ne kuma ya sa ya waiwayi yatsa.

Ba shi ne ya fara ba. William Herschel, wani jami'in mulkin mallaka a Indiya, ya sa wani ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a takardar yarjejeniya tun a 1858, a 1877 kuma ya shigar da dangwalen yatsa cikin biyan fansho da rajistar filaye a gundumar Hooghly. Haka nan Henry Faulds, likita ɗan Sikotlan da ke aiki a Tokiyo, ya rubuta a mujallar Nature a 1880 cewa za a iya kama mai laifi da sawun yatsansa. Faulds ya aika wa Darwin wasiƙa a kan batun, Darwin kuwa ya miƙa wa Galton. Duk da haka, da Galton ya zo rubutu, Herschel ya fi yabawa, abin da ya bar Faulds da ɗacin rai har ya rasu a 1930.

Abin da waɗannan biyu suka rasa shi ne hujjar da kotu za ta karɓa. Galton ya tara dubban hotunan yatsu, ya tsai da tambayoyi uku. Shin zanen yana sauyawa da shekaru? Shin mutum biyu za su iya dacewa a zane ɗaya? Kuma ta yaya za a jera dubban katuna yadda za a samo ɗaya cikin sauƙi? Amsoshinsa ne suka zama littafin Finger Prints na 1892.

Awo Da Lissafin Da Ya Shimfiɗa

Domin bayanin ya zauna a Hausa, zan aro kalmomi daga gona da gida. Idan mai karatu ya dubi cikin yatsansa da kyau, zai ga layuka masu tudu da kwari a tsakaninsu, tamkar kunyoyi a gonar gyaɗa. Waɗannan kunyoyi suna samuwa tun jariri yana ciki, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya nasu ya bambanta. Galton ya kasa fasalinsu gida uku. Akwai wanda kunyoyin ke shigowa ta gefe ɗaya su ɗan yi tudu su fita ta ɗaya gefen, zan kira shi baka. Akwai wanda suke shigowa su lanƙwasa su koma ta inda suka fito kamar igiyar da aka ninka biyu, zan kira shi ninki. Akwai kuma wanda suke zagayawa kamar saƙar faifai, zan kira shi faifai. A cikin kowane yatsu 100, kimanin 60 zuwa 65 ninki ne, 30 zuwa 35 faifai, baka kuwa ba ya wuce biyar da yawa.

Fasali kaɗai ba ya raba mutum da mutum, tun da miliyoyin jama'a ne ke da ninki. Babbar gudummawar Galton ita ce mayar da hankali ga ƙananan alamomin da ke jikin kunyoyin. Wata kunya tana cikin tafiya sai ta yanke ta ƙare. Wata sai ta rabu gida biyu kamar gwafa. Wata ta rabu ta sake haɗewa ta bar ɗan tafki a tsakiya, wata kuma guntuwa ce kamar tsibiri. Yatsa guda yakan ƙunshi irin waɗannan alamomi talatin da 'yan kai, kuma har yau masana suna kiransu da sunan Galton. Inda kowace alama take, da wajen da ta fuskanta, da adadin kunyoyin da ke tsakaninta da maƙwabciyarta, su ne ainihin shaidar mutum.

Game da tambaya ta farko, Herschel ya ba shi tsofaffin hotunan da ya adana, aka sake ɗaukar na mutanen bayan shekaru masu yawa. Galton ya gwada alamomi kimanin 700 tsakanin tsoho da sabo, ya tarar guda ɗaya ce kawai ta sauya, a yatsan wani yaro. Yatsa yana girma, amma alamomin suna nan inda suke.

Tambaya ta biyu ce ta buƙaci dabara. Ya yanka 'yan takardu masu kusurwa huɗu, kowace mai faɗin kunya shida, ya riƙa rufe wani sashe na hoton yatsa da su, sannan ya yi ƙoƙarin cankar abin da ke ƙarƙashi ta hanyar duban kunyoyin da ke kewaye. Ya ɗauka cewa damar dacewa rabi da rabi ce, kamar jefa kwabo sama. Irin waɗannan takardu 24 ne ke rufe yatsa guda, don haka canko su duka daidai yake da kwabo ya faɗo ta fuska ɗaya sau 24 a jere, wato sau ɗaya cikin fiye da miliyan 16. Ya ƙara da damar dacewa da fasalin gaba ɗaya, ɗaya cikin 16, da damar dacewa da adadin kunyoyin da ke shiga da fita kowane sashe, ɗaya cikin 256. Da ya ninka su sai ya sami kimanin ɗaya cikin biliyan 64, alhali yatsun mutanen duniya duka a lokacin, a ƙiyasinsa, biliyan 16 ne. Masana na baya sun soki wasu sassa na wannan lissafi sun gyara, amma shi ne karo na farko da aka amsa tambayar da lamba.

Yatsun Mutanen Kogin Kwara

A nan ne labarin ya iso gida. Galton ya sa rai cewa zanen yatsa zai zame masa kamar yadda tsagar fuska take a wajenmu, inda da ganin bille ko kalangu a kumatu ake sanin gidan da mutum ya fito. Ya so ya sami tsagar da ba wanzami ne ya yi ta ba, wadda za ta nuna ƙabila da daraja da kaifin ƙwaƙwalwa. Ya tattara yatsun Ingilishi da na mutanen Wales da na Yahudawan makarantun Landan da na Baskawan Faransa. Na baƙar fata kuwa ya same su ne ta hannun Sir George Goldie na Kamfanin Royal Niger, wanda ya sa likitan kamfanin, Dakta Crosse, ya ɗauko masa tare da bayanin ƙabilar kowane mutum. Wannan kamfani shi ne ke riƙe da cinikin Kwara da Binuwai a lokacin, har jiragensa suna zuwa Yola a zamanin Lamiɗo Zubairu.

Sakamakon bai yi masa daɗi ba. Ya tarar babu wani zane da ya keɓanta da wata al'umma. Ɗan bambancin da ya gani na yawan baka ko faifai ne a cikin taro, wanda ba zai sa a ɗauki kati guda a ce ga ƙabilar mai shi ba. Ya gwada na manyan masana da 'yan siyasa da na masu taɓin ƙwaƙwalwa tun haihuwa, ya ga irin zanen da ke wannan rukuni yana cikin wancan. A cikin littafinsa ya amsa cewa babban zaton da ya yi bai tabbata ba, kuma wannan gaskiya da ya faɗa abin yabo ce.

Sai dai hali zanen dutse. A cikin babin nan dai ya ƙara da cewa a idonsa yatsun baƙar fata sun fi sauƙin fasali, ko da yake ya yarda cewa ya kasa tabbatar da hakan da awo, kuma mai yiwuwa zato ne kawai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kira da a auna komai, da awo ya ƙaryata shi sai ya koma ga abin da zuciyarsa ta raya masa. Bai kuma sauya ra'ayinsa a kan fifikon jinsi ba.

Daga Littafi Zuwa Ofishin 'Yan Sanda

Tambaya ta uku, wato jera katuna, Galton bai warware ta sosai ba. A Ajantina, Juan Vucetich ya ɗora a kan aikinsa, kuma a 1892 aka kama wata mata mai suna Francisca Rojas da laifin kashe 'ya'yanta biyu ta hanyar sawun yatsa mai jini da aka gani a jikin ƙofa. A Indiya kuwa, shugaban 'yan sandan Bengal, Edward Henry, ya ziyarci Galton a 1894, ya koma Kalkata ya sa ma'aikatansa biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su nemo mafita. Dabarar da ta fito ita ce a ba kowane yatsa mai faifai lamba gwargwadon matsayinsa a hannu, a tara, sai katuna su rabu cikin aljihu 1,024, wato 32 sau 32. Gwamnatin Indiya ta karɓi tsarin a 1897, 'yan sandan Landan kuma suka buɗe sashen zanen yatsa a 1901. Tsarin ya zagaye duniya da sunan Henry, ko da yake shi da kansa ya amsa a wata wasiƙa a 1926 cewa Haque ya fi duk ma'aikatansa ba da gudummawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Shekarunsa na ƙarshe ya ƙarar da su ne wajen yaɗa ra'ayin tace iri. An ba shi sarautar Sir a 1909, ya rasu ranar 17 ga Janairu, 1911, yana da shekara 88. Ya bar wasiyyar a kafa kujerar farfesa a wannan fanni da dukiyarsa a Kwalejin Jami'a ta Landan, almajirinsa Karl Pearson ne ya fara hawa. Abin da ra'ayin ya haifar ya munana. Tun yana raye, a 1907, jihar Indiyana ta Amurka ta yi dokar hana wasu mutane haihuwa da ƙarfi, kuma a ƙarshe fiye da mutum 60,000 aka yi wa haka a ƙasar. A Jamus dokar 'yan Nazi ta 1933 ta shafi kimanin mutum 400,000. A 2020 kwalejin ta cire sunansa daga ɗakin laccar da aka raɗa masa, a 2021 kuma ta nemi afuwa a bainar jama'a.

Gadon Da Ya Bari A Hannunmu

Na'urar da muke ɗora yatsa a kanta ƙananan alamomin nan na Galton take nema. Kwamfuta tana tace hoton, ta sirantar da kowace kunya ta koma kamar zare, ta tsinto wuraren da kunya ta ƙare da wuraren da ta yi gwafa. Kowace alama sai ta ba ta lambobi uku: nisanta daga gefe, nisanta daga sama, da kusurwar da ta fuskanta. Da haka yatsa ya zama taswirar ɗigo-ɗigo.

Matsalar ita ce ba wanda ke ɗora yatsa sau biyu a yanayi ɗaya. Yau ya karkata dama, gobe ya zame sama, jibi an danna da ƙarfi fata ta miƙe. Don haka kwamfuta takan ɗauki taswirar yau ta ɗora a kan ta ajiya, ta matsa ta, ta juya ta, har sai ɗigogi mafi yawa sun hau juna, tare da yin rangwame ga ɗan kaucewa. Wata hanyar kuma ita ce haɗa ɗigogi uku-uku su ba da siffa mai kusurwa uku, domin tsawon gefunanta da kusurwoyinta ba sa sauyawa ko ta ina aka juya yatsan. Misalinsa kamar taurarin kaza da 'ya'yanta ne, duk inda suka koma a sararin sama mai kallo yana gane su ta yadda suke zaune da juna. A ƙarshe sai a ba da maki. Idan aka tsananta ma'aunin, za a riƙa korar mai gaskiya, idan kuma aka sassauta, baƙo zai iya wucewa.

Mu mutanen Mubi mun san amfanin shaidar da ba ta ƙonewa. Lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoban 2014, jama'a sun fita da abin da ke jikinsu kawai, wasu Yola, wasu Kamaru, kuma da yawa sun dawo sun tarar takardunsu sun salwanta. Wanda hukuma ta riga ta ɗauki yatsunsa, kamar a rajistar masu zaɓe ta 2011, ya yi gudun hijira da shaidarsa a hannunsa. Amma mun san ɗaya fuskar ma. Manomi da magini da mai wankau da tsohuwar da ta shekara hamsin tana surfe, kunyoyin yatsunsu sukan goge, hunturu kuma ya busar da abin da ya rage. Irin waɗannan bayin Allah ne ke shan dogon layi a ce musu na'ura ba ta gan su ba. Ko shugaban ƙasa Goodluck Jonathan sai da na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi shi a Otuoke ranar 28 ga Maris, 2015. Saboda haka wajibi ne duk hukumar da ke aiki da yatsa ta tanadi wata hanya domin wanda aiki ya cinye nasa zanen.

Kammalawa

A taƙaice dai, mun ga yadda Galton ya tashi cikin dukiya, ya yi yawo a Afirka, ya ƙulla ra'ayin fifikon jinsi, sannan ya shiga zanen yatsa domin neman hujjarsa, ya fito da hujjar da ta saɓa masa. Hausa ba ita na sha a nono ba, kuma a ajinmu akwai Gude da Fali da Higi da Margi da Kilba da Fulani da Hausawa. Da mutum ya buɗe baki, karin harshensa kan nuna inda ya fito, amma da za a jera katunan yatsunmu a tebur, babu masanin da zai iya ware su ƙabila-ƙabila. Sunan mai shi kaɗai yatsa ke faɗa.

Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai guda biyu ne. Na farko, idan mun fita aikin bincike, mu karɓi abin da hujja ta nuna ko da ya saɓa wa abin da muka fita da shi daga gida, musamman idan muna rubutu a kan harshe ko al'adar wasu. Na biyu, kalmomin da na yi amfani da su a nan, wato kunya da gwafa da baka da ninki da faifai, shawara ce kawai. Ina fata malamanmu da ɗalibai za su duba su, su gyara ko su kawo waɗanda suka fi, domin dattijon da na'ura ta ƙi a banki yana da haƙƙin a yi masa bayanin dalili da harshen da yake ji. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.